Ɗinkin hannu na babbar riga

Ɗinkin hannu na babbar riga, wanda masu sana'ar da masu saye suka fi kira "aiki", fasaha ce ta ƙawata rigar maza da allura da zare a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Idan aka ce riga mai aiki, ana nufin an zana siffofi a wuyanta da aljihunta da bayanta, sannan aka bi zanen da zare har ya cika. Garuruwan da suka yi suna da wannan sana'a sun haɗa da Zariya da Kano da Katsina, sai Bida ta Nupawa da Ilorin. A da malamai da almajiransu ne suka fi riƙe ta. Daga shekarun 1970 zuwa 1980 mata suka karɓi kaso mai yawa na aikin, musamman a birnin Zariya.

Riga ɗaya takan ci makonni, wata ma watanni, kuma takan bi ta hannun mutum biyar ko shida kafin ta kai ga mai sawa. Duk da haka ba a saba ajiye sunan wanda ya yi aikin ba. Shi ya sa yawancin tsofaffin rigunan da ke gidajen tarihi na Turai da Amurka an san garin da aka samo su, wani lokaci har da basaraken da ya sa su, amma ba a san maɗinkansu ba.

Tarihi

Saƙa da rini sun daɗe a ƙasar Hausa tun kafin jihadi. Marinar Ƙofar Mata a Kano ana danganta kafuwarta da shekarar 1498, kuma a cikin birnin akwai tsohuwar unguwa mai suna Soron Ɗinki. Amma babbar riga mai aiki, yadda aka san ta a yau, ta bunƙasa ne a zamanin Daular Usmaniyya da aka kafa bayan jihadin 1804. Daular ta haɗa ƙasashe da yawa a ƙarƙashin tuta ɗaya, hanyoyin fatauci suka buɗe tsakanin Kano da Zazzau da Nupe da Ilorin, masu sana'a kuma suka yi ta ƙaura, wasu da son ransu, wasu a matsayin bayin da aka kamo a yaƙi. Wannan cuɗanya ce ta sa riga ɗaya za ta iya zama saƙar Nupe, aikin Zariya, bugun Kano. Har yau akwai rigar da ake kira girken Nupe.

Riga a wancan zamani dukiya ce da ake biyan buƙatar mulki da ita. Sarki yakan ba barorinsa da baƙinsa riguna, ana naɗa sarauta da riga da rawani, kuma tufafi suna cikin gaisuwar da sarakuna ke aikawa Sakkwato. Masaniyar tarihi Colleen Kriger, a wani nazari da ta wallafa a 1988 kan rigunan daular, ta nuna yadda wannan kyauta ta riga ta taimaka wajen yaɗa salo iri ɗaya a faɗin ƙasar. Abin lura a nan shi ne, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya soki sarakunan da ya tarar kan sa tufafin da suka ga dama ba tare da duba halal ko haram ba, kuma shari'a ta taƙaita wa maza sa siliki zuwa faɗin 'yan yatsu. Ba a yi nisa ba bayan rasuwarsa fadojin daular da ya kafa suka zama manyan masu sayen rigunan da aka ƙawata da siliki.

Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a farkon shekarar 1851, ya rubuta cewa tufafin birnin suna kaiwa har Timbuktu da Gat da Murzuk da Tarabulus, ya kuma ƙiyasta darajar abin da ake fitarwa waje a sayar a shekara da wuri miliyan 300.

Kayan aiki

Tsohuwar riga ana haɗa ta ne daga ƙyallaye tsukakku da masaƙa ke saƙawa, wani faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba, a jera su a ɗinke gefe da gefe. Rigar da ƙyallayenta suka fi tsukewa ita ta fi tsada, domin ta fi cin aiki. Akwai farin sawaye, akwai saƙi mai launin zabo, akwai kore da ake rinawa da baba a buga har ya yi ƙyalli. A yau kusan duk wannan ya koma shadda ta kanti, wadda mafi tsadarta, gezna, daga kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya take zuwa.

Zaren da ya fi daraja a da shi ne tsamiya. Siliki ne na daji, wanda wasu tsutsotsi ke saƙa gidansu da shi a jikin itatuwa, da yawansu a gida ɗaya. Masu sana'a sun bambanta tsamiyar tsamiya da tsamiyar doka, gwargwadon itacen da tsutsar ke ci. Doka kuwa ita ce itacen da ya fi yawa a dazuzzukan da suka shimfiɗu daga yammacin Zariya har Birnin Gwari, inda Gandun Dajin Kamuku yake, wanda aka mayar gandun ƙasa a 1999. Akan dafa gidan tsutsar a ruwan toka don ya saki danƙonsa, a wanke, a shanya, sannan mata su kaɗa shi da mazari kamar yadda ake kaɗa auduga. Launinsa toka-toka ne mai ratsin ƙasa, ba shi da ƙyallin silikin Sin, amma yana da ƙarfi, yana kuma daɗa laushi idan ya tsufa. Shiga irin waɗannan dazuzzuka ya zama kasada a shekarun nan saboda 'yan bindiga, sai dai tun kafin wannan zaren kanti ya riga ya ture tsamiya daga yawancin riguna.

Na biyu shi ne alharini, sunan da aka aro daga kalmar Larabci ta siliki. Ragowar silikin masaƙun Turai ne da ake rinawa ja mai haske a Arewacin Afirka, raƙuma su ƙetaro Sahara da shi. Da shi ake yin shafi a cikin bakin riga, wanda ba ya bayyana sai mai riga ya naɗe hannunta bisa kafaɗa.

Siffofin aiki

Tsarin babbar riga ba daidai-wa-daida yake ba, kuma da gangan ne. Nauyin aikin yana gefen hagu na ƙirji, inda babban aljihu yake, daga nan ya hau wuya ya gangara baya. A gefen dama akan sa da'ira mai murɗewa wadda ake kira tambari, a maimaita ta a baya.

Siffar da aka fi sani ita ce aska: dogayen harsuna masu tsini da ke saukowa daga wuya da bakin aljihu. Da yawansu ake kiran rigar. Aska biyu tana da manya guda biyu a gefen wuya. Aska takwas tana da waɗannan biyun, da wasu shida ƙanana da aka raba uku-uku. Akwai gidan biyar, murabba'i da aka tsaga gida-gida, wanda masu nazari da dama suka kwatanta da hatimin da malamai ke zanawa a allo da laya. Akwai dagi, ƙulli mai sarƙewa wanda ba a ganin farkonsa ko ƙarshensa, shi ne kuma ya zama tambarin Arewa. Rigar da ba ta da aiki mai yawa akan yi mata kwaɗo da linzami kawai a wuya. Wadda aka cika da aiki gaba da baya har ƙyallen ya kusa ɓacewa ita ce malum-malum, rigar sarakuna da manyan attajirai.

Ana yawan cewa askake kariya ce daga maita ko kambun baka. Wasu masana sun karɓi wannan fassara, wasu kuma suna ganin siffar ta biyo tsarin ado ne da ya zo ta hanyar tufafin Arewacin Afirka. Mafi yawan masu ɗinki dai suna kiran siffofin da sunayensu ne kurum, kamar yadda magini ke kiran sassan soro.

Yadda ake aikin

Bayan tela ya haɗa rigar, sai a kai ta wurin mai zane. Shi ne yake fitar da siffofin a kan ƙyallen, a al'ada da alƙalamin kara da tawada, kayan da ɗalibin allo ya saba da su tun yana yaro. Gwanin zane ba ya buƙatar ma'auni. Yana duban faɗin rigar da tsawon mai ita, ya san inda aska za ta tsaya da girman da tambari zai yi. Kuskure a wannan mataki ba ya gyaruwa da allura, saboda mai ɗinki layin da aka ja masa yake bi.

Daga nan aikin ya koma hannun masu allura. Akan ɗora ƙyallen a gwiwa, a tattaro wurin da ake aiki da hannun hagu. Ɗinki iri uku ne suka fi yawa. Akwai mai kama da sarƙa, wanda ake jan layi da kewaye siffa da shi. Akwai wanda ake shimfiɗa zare a jere a danne shi da wani zaren, don cike fili mai faɗi kamar cikin aska. Akwai kuma ƙananan huji da ake hudawa a kewaye bakin kowanne da zare, ɗaruruwa a jere, har wurin ya zama kamar raga. Wannan na ukun shi ya fi cin lokaci da ido, shi ne kuma masu saye ke fara dubawa. Idan hujin suka zo girma ɗaya, tazararsu ɗaya, ƙyallen bai tattare ba, an san hannun gwani ne.

Idan an gama sai a wanke rigar don tawada da dattin hannu su fita, a sa mata sitaci, a kai wa mabuga. Su kuma su naɗe ta a kan gungumen itace su yi ta bugu da tabarya gajera har zaren ya kwanta ya haɗe da ƙyallen.

Koyo da ci gaban mai sana'a

Babu makarantar da aka keɓe don wannan aiki. Ana koyonsa ne a zaure da ƙofar gida da tsangaya, inda yaro ke zaune kusa da wanda ya iya. Alaƙarsa da karatun allo tsohuwa ce. Almajiri ko gardi da ya baro garinsu yana buƙatar sana'ar da ba ta son jari, wadda zai iya ajiyewa idan lokacin karatu ko salla ya yi, ya kuma ɗauka a duk garin da ya sauka. Allura da zare sun cika waɗannan sharuɗɗa. Malamai da yawa sun ci abinci da ɗinki tsawon rayuwarsu ba tare da sun daina koyarwa ba.

Mai koyo yakan fara da ƙananan abubuwa, kamar hula ko wuyan kaftani ko ƙafar wando, inda ɓarna ba ta da tsada. Abin da yake nema a wannan lokaci shi ne daidaiton ja. Zaren da aka ja da ƙarfi yana tattare ƙyalle, wanda aka sassauta kuma yana tashi bayan wanki biyu. Idan hannunsa ya zauna sai a ba shi cike fili a babbar riga, wurin da wani ya riga ya kewaye masa. Bayan nan ne ake sakar masa wuya da bakin aljihu, inda idon kowa ke sauka. Da yawa a nan suke tsayawa, kuma suna iya yin suna da tsabtar aiki da cika alkawari.

Kaɗan ne ke kaiwa matakin zane. Mai zane dole ya haddace siffofin da aka gada da yadda suke zama da juna, sannan ya san iyakar da zai iya taɓa su. Aska takwas ba ta zama tara don mai zane ya ga dama, sai dai idan sabuwar riga ya ƙirƙira da sabon suna. Amma tsawon askaken da kaurinsu, da abin da zai cika tsakaninsu, da yawan murɗin tambari, duk nasa ne. A nan ake gane hannun mutum, kamar yadda ake gane rubutun malami a allo ko da ayar ɗaya ce kowa ya rubuta. Wandon sarauta mai faɗin hantsa ya fi riga ba mai zane sarari, shi ya sa aikin ƙafar wando ya fi yawan launi da sababbin siffofi.

David Heathcote, Baturen Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, shi ne ya fi kowa bin diddigin wannan ɓangare. Ya zauna da masu zane da masu ɗinki, ya tattara zanensu na takarda, ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya kuma kammala digirinsa na uku kan aikin tufafin Hausa a 1979. Amfanin aikinsa shi ne ya ɗauki mai zane a matsayin mutum mai tunani da zaɓi, a lokacin da littattafai da yawa ke rubuta "aikin Hausa" kawai a ƙarƙashin hoto.

Shigowar mata a Zariya

Mata sun daɗe a cikin harkar tufafi ta hanyar kaɗi, wanda shi ne babbar sana'ar matan aure a cikin gida. Masaƙun zamani suka kashe kasuwar zaren hannu. Kamfanin Kaduna Textiles ya fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, mazari ya zama abin tsofaffi. Mata da yawa suka koma ɗinkin hula.

A shekarun arzikin man fetur maza suka samu wasu hanyoyi: aikin gwamnati, aikin kamfani, da keken surfani mai gama riga a kwana ɗaya ko biyu. A daidai lokacin kuma buƙatar babbar riga ta ƙaru, musamman a Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, lokacin da Shugaba Shehu Shagari da 'yan siyasar zamaninsa suka mayar da ita tufar mulkin farar hula. Giɓin da maza suka bari mata suka cike. Elisha Renne ta Jami'ar Michigan, wadda ta yi shekaru tana bincike a birnin Zariya, ta bayyana wannan sauyi a wani nazari na 2004 kan yadda ake yin babbar riga da sayar da ita a garin.

Tsarin da ya fito yana da amfani da kuma illa. Mace tana aiki a ɗakinta, tsakanin girki da reno, yara ne ke kai aiki su karɓo. Kuɗin nata ne, tana yin biki da adashi da kayan ɗakin 'ya'ya da shi. Amma mai rigar, wanda ya sayi shadda da zare ya kuma san mai saye a Kano ko Kaduna ko Legas, shi ke yanka farashi. Sau da yawa akan raba riga ɗaya ga mata da dama, kowace da ɓangarenta, ta yadda ba wadda za ta ce rigar aikinta ce. Zane kuma ya ci gaba da zama a hannun maza galibi, wato matakin da ya fi daraja bai buɗe wa waɗanda suka fi yawa a sana'ar ba.

A 1994 wasu matan birnin suka haɗu a ƙungiya mai ɗauke da sunan Sarauniya Amina. Sun ɗauki siffofin babbar riga suka sa su a rigunan mata da jakunkuna da rigunan matashi da kayan tebur, suna sayarwa ba tare da dillali ba. Kayansu sun kai kasuwar fasahar gargajiya ta duniya da ake ci kowace shekara a Santa Fe, jihar New Mexico ta Amurka. Ƙungiyar ƙarama ce idan aka kwatanta da yawan matan da ke ɗinki a birnin, amma ta nuna cewa mai allura na iya zaɓar launi da siffa da kanta.

Lifidi da ɗinkin rufi-rufi

Akwai wani reshe na aikin allura da ke kusa da wannan, wato lifidi. Ƙyalle biyu ake haɗawa, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, a bi da ɗinki layi-layi don kada cikin ya tattaru wuri ɗaya. Akan yi fuskar da gutsattsarin ƙyallaye masu launi daban-daban. Kayan yaƙi ne na doki da mahayinsa, don tare kibiya mai dafi. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Bayan yaƙe-yaƙen 1903 lifidi ya rasa aikinsa na asali, ya koma adon hawan salla, inda 'yan lifidi ke fitowa har yau a Kano da Katsina da Zariya. Hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake gado a watan Disamba na 2024.

Wannan dabara ta rufi-rufi ita ce a Amurka mata suka daɗe suna yin bargon gado da ita. A 1971 gidan tarihin Whitney na New York ya rataye irin waɗannan barguna a bango kamar zanen fenti, a 2002 kuma aka baje na matan ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama, kowanne da sunan wadda ta ɗinka. Faith Ringgold, wadda ta rayu daga 1930 zuwa 2024, ta yi suna da ba da labari a jikin bargo. A Afirka ta Yamma, Abdoulaye Konaté na ƙasar Mali, haifaffen 1953, yana yanka shadda rinanniya yana jera ta a manyan ayyukan bango da ake nunawa a Turai da sauran duniya. Bambancin waɗannan da gwanayen Zariya ba a ƙwarewar hannu yake ba. Su ana sayen aikinsu da sunansu, sunan kuma shi ke ɗaga farashi.

Halin da ake ciki

Abokin gasar ɗinkin hannu a yau shi ne injin da kwamfuta ke sarrafawa, wanda ke fitar da aska takwas cikin sa'o'i, ya kuma maimaita ta sau ɗari ba bambanci. Tsadar shadda da zare, waɗanda ake shigowa da su daga waje, ta sa masu saye da yawa suna rage kuɗin aiki don su iya sayen ƙyallen. Matasa kuma sun fi son kaftani da ƙaramin aiki a wuya. Kasuwar aikin hannu ta tsuke zuwa sarakuna da masu riƙe da sarauta, da 'yan siyasa, da angwaye, da masu neman rigar naɗi ko ta salla. A Jami'ar Ahmadu Bello sashen zanen masana'antu yana koyar da fasahar tufafi, ɗalibai kuma sukan ɗauko siffofin riga su sa a ayyukansu, amma koyon allurar kansa har yanzu a gida yake.

Masu saye a Kasuwar Kurmi da kasuwar birnin Zariya suna da hanyar bambanta aikin hannu da na inji. Sukan juya rigar su duba cikinta. Aikin inji yana da zare na biyu a ƙasa, siriri, mai tafiya daidai daga farko zuwa ƙarshe, wani lokaci da ragowar takardar da aka manna don ƙyallen ya tsaya. Aikin hannu zare ɗaya ne ke shiga yana fita, ana ganin inda ya ƙare aka ɗaura wani, kuma a babbar riga wanda ya saba yakan iya nuna wurin da hannu ya canza.